Babba da Kallon Katun: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Zariya

Ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Samaru, kuma tun da aka gane ina kallon katun tare da 'ya'yana ake tare ni da tambayoyi. Wasu daga ɗalibai, wasu daga iyayensu, wasu daga abokan majalisa bayan la'asar. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa na amsa su a wuri ɗaya.

Na girma, amma har yanzu raina yana son katun. Akwai abin da yake damuna ne?

Babu abin da yake damunka. Wani ɗalibin jami'a da muka hau motar Samaru zuwa Kwangila tare ya rage hasken wayarsa, ya kare ta da tafin hannu, kamar mai ɓoye abin sata. Da na leƙa sai na ga Kung Fu Panda yake kallo. Na ce masa, "Ɗan'uwa, ƙaro haske mu gani tare." Ya yi ajiyar zuciya, muka kalla har muka sauka. Abin ya tsaya mini a rai, don yaron bai yi laifin komai ba, amma an koya masa jin kunyar abin da ba abin kunya ba ne.

Manya ne suke rubuta waɗannan fina-finai, su suke zana su, kuma su suke sayen tikiti. Inside Out 2 da ya fito a 2024 ya tara sama da dala biliyan 1.6, Ne Zha 2 na ƙasar Sin kuma ya haura dala biliyan 2 a 2025. Kuɗin tara na 'yan firamare ba zai haɗa wannan ba.

To me ya sa a wurinmu ake ganin zubar da girma ne?

Saboda hanyar da katun ya shigo mana. Yawancinmu mun fara ganinsa ne a talabijin da yamma, a lokacin shirin yara, kafin manya su karɓe akwatin don labarai. Sai ya zauna a ranmu cewa zane mai motsi abin lallashin yaro ne. Ga kuma tarbiyyarmu da ta ɗora wa babba kamewa: magidanci ba ya ƙyalƙyala dariya a gaban 'ya'yansa, uwar gida ba ta zama a tabarmar yara.

Amma Tom and Jerry ɗin da muke wa kallon wasan yara, William Hanna da Joseph Barbera sun ƙirƙire shi ne a 1940 don gidajen silima, ana haska shi kafin babban fim, a gaban 'yan kallo manya da ƙanana. Ya ci kyautar Oscar har sau 7. Daga baya ne talabijin ya mayar da shi na yara.

Wai da gaske akwai abin da babba zai ƙaru da shi a fim ɗin yara?

Akwai, kuma sau da yawa babban ne ya fi ji a jikinsa. Fim ɗin iyali mai kyau hawa biyu ake gina shi: yaro yana ƙasa yana dariyar faɗuwa da guje-guje, babba yana sama yana ganin rayuwarsa. Ɗauki The Lion King na 1994. Yaro yana ganin ɗan zaki da abokansa masu ban dariya. Babba yana ganin ƙane ya kashe wansa don karagar mulki, ya kuma ɗora wa maraya laifin da bai yi ba. A gari irin Zazzau mai gidajen sarauta huɗu, ba sai an yi wa kowa dogon bayani kan nauyin gadon sarauta ba.

Na kalle shi ina saurayi, ban ji komai ba sai daɗin waƙoƙi. Na sake kallonsa bayan rasuwar mahaifinmu, a tsakar gida, ɗana yana kan cinyata. Da aka zo inda ɗan zakin yake zungurar gawar ubansa yana so ya tashi, sai yaron ya ɗago ya ce, "Baba, barci yake yi?" Na kasa amsa masa nan take. Daren nan ne muka fara yin maganar mutuwa da shi, na ba shi labarin kakansa, muka yi masa addu'a tare. Watanni na yi ina neman ta inda zan fara wannan magana ban samu ba.

Haka Up na 2009: mintuna kamar goma na farko sun ɗauko aure tun daga ƙuruciya, da rashin haihuwa, da asusun da ake ta fasawa saboda lalura, har zuwa rasuwar matar, kusan ba tare da magana ba. Duk macen da aka taɓa yi wa gorin haihuwa ta san wannan ɗakin asibitin. Finding Nemo na 2003 kuwa labarin uba ne da tsoron rashi ya sa ya matse ɗansa har ya kusa rasa shi. Yaro ba zai gane wannan ba sai ya haifa.

Mene ne haɗin katun da tatsuniya? Na ji kana yawan kwatanta su.

Aikinsu ɗaya. Wa yake cewa "Ga ta nan, ga ta nanku"? Kaka ce ko goggo, babba dai. Ita ce take maƙale murya ta yi tsamin bakin Gizo, ta yi kukan Kura, ta rera waƙar da ke tsakiyar labari, kuma ba wanda ya taɓa cewa girmanta ya faɗi. Dabbobi masu magana, Dila malamin daji, Zaki sarkin dawa, marainiyar da kishiyar uwa ta aika rafi mai nisa, duk mun san su tun kafin wani ya zana su a Amurka.

A nan Zariya ma Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930, don 'yan makaranta. Aku ne yake ba da labaran. Har yau dattawa suna karanta shi suna kawo misali da shi a majalisa, ba wanda yake ɓoye shi a ƙarƙashin riga. Bambancin da nake gani guda ne, kuma shi ya fi damuna: a tatsuniya babba yana zaune tare da yara, yana kallon fuskokinsu, ya san inda zai sassauta. A katun mun miƙa waya mun tashi. Amsar da ke biye ta nuna abin da hakan yake jawowa.

Ke nan duk katun yaro zai iya kallo?

A'a, kuma wannan ce tambayar da na fi so iyaye su tsaya a kanta. Zane hanya ce ta ba da labari, kamar yadda alƙalami yake rubuta littafin yara ya kuma rubuta na manya. South Park da ya fara a 1997 da Family Guy na 1999 cike suke da batsa da ashar da izgili ga addinai. Sausage Party na 2016 hotonsa kayan abinci ne masu murmushi, amma na manya ne zalla. A katun ɗin Japan da ake kira anime, Attack on Titan ana cin mutane ana fizge gaɓoɓi a fili. Akwai kuma wanda babu ƙazanta a cikinsa amma nauyinsa ya fi ƙarfin ƙaramin yaro, kamar Grave of the Fireflies na 1988, labarin wa da ƙanwarsa da yunwa ta cinye a Japan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Na taɓa kai memori wani shagon masu tura fina-finai na ce a zuba mini katun na yara. Allah ya sa na buɗe kafin in ba su. A cikin jakar da aka rubuta wa sunan yara na tarar da zanen da ko ni ban iya ƙarasa minti ɗaya ba. Da na koma, yaron shagon ya rantse bai taɓa buɗewa ba, ya ga zane ne ya jefa a wurin yara. Na yarda da shi, don tunaninsa shi ne tunanin yawancinmu. Uban da yake ganin katun ya yi masa ƙanƙanta shi ne wanda ba zai taɓa sanin abin da ɗansa yake kallo ba.

Ta yaya zan gane wanda ya dace kafin a kunna?

Fara da alamar shekaru. A tsarin Amurka, G na kowa ne, PG yana son babba a kusa, PG-13 da aka ƙara a 1984 gargaɗi ne ga 'yan ƙasa da shekara 13, R kuma na manya ne, ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga kallo sai tare da babba. Hukumar tace fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa da dokar 1993, tana amfani da G da PG da 12 da 15 da 18. Sai dai waɗanda suka sa alamar da ma'aunin garinsu suka auna. Sumbata da shigar da su ba sa ɗauka komai ba ce tana iya zama abin da ba ka so a falonka.

Don haka alamar matakin farko ce kawai. Rubuta sunan fim ɗin a intanet ka karanta taƙaitaccen labarinsa, ko ka riga yaran kallo da dare, ko da kana tsallakawa. Wanda aka turo a memori ko ta WhatsApp ba ya zuwa da alama, shi dole sai an buɗe.

Me addini ya ce game da kallon zane mai motsi?

Ni ba malamin fiƙihu ba ne, don haka fatawa tana wurin malamin da ka amince da iliminsa, kuma Zariya ba ta rasa su ba. Abin da yake sananne shi ne akwai hadisai masu tsanani kan surantar abu mai rai, kuma malamai sun yi saɓani kan ko hukuncin ya hau kan hoton da ke motsi a allo. Masu sassautawa, musamman a abin da ya shafi yara da koyarwa, sukan kafa hujja da 'yan tsanan da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, take wasa da su a gidan Manzon Allah (SAW). Wasu kuma sun tsananta, wasu sun fi tsayawa kan kiɗan da ke ciki.

Inda ban ji an yi saɓani ba shi ne abin da fim ɗin ya ƙunsa da lokacin da yake ci. Wanda ya sa aka bar salla ta wuce, ko ya kawo tsiraici, matsalarsa a fili take ko zane ne ko mutane ne. Abokan aikina Kiristoci daga Wusasa da Sabon Gari ma da wannan ma'aunin suke tace wa 'ya'yansu.

Wasu fina-finan iyali suna ɗauke da aƙidar da ba tamu ba. A hana ne gaba ɗaya?

Ya danganta da shekarun mai kallo da kuma ko akwai babba a kusa. Coco na 2017 an gina shi kan bikin tunawa da matattu na ƙasar Meziko, inda mamaci yake ziyartar danginsa matuƙar an ajiye hotonsa. Hercules na 1997 gumakan Girka ne. Moana na 2016 akwai wanda ake kira rabin-abin-bauta. The Prince of Egypt na 1998 ya zana Annabi Musa (AS), har wasu ƙasashen Musulmi irin su Malesiya suka hana nuna shi, kuma ni ma ba na kunna shi a gidana.

Ga ɗan shekara biyar, wanda bai gama rarrabe labari da gaskiya ba, gara a jinkirta irin waɗannan. Ga ɗan sakandare kuwa, na ga amfanin a kalla tare a tsaya a yi magana: su haka suka yi imani, mu ga abin da muka yi imani da shi. Zai haɗu da waɗannan ra'ayoyi ko ba jima ko ba daɗe, a jami'a ko a waya. Gara ya fara jin su kana gefensa.

Babu namu ne na Najeriya ko na Afirka?

Akwai, ko da yake ba su kai yadda ake so ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Malika: Warrior Queen na Roye Okupe, wanda ya fara a littafin zane, aka yi gajeren fim ɗinsa a 2019. Daga tarihin Sarauniya Amina ya ɗauko jarumar, har masarautar ya sa mata suna Azzaz. Ranar da na nuna wa ɗalibaina, wata yarinya daga cikin Birni ta ce kullum tana wuce ganuwa ta Ƙofar Doka, ba ta taɓa tunanin labarin garinsu zai shiga katun ba.

Akwai Bino and Fino na Adamu Waziri, na ƙananan yara ne. Lady Buckit and the Motley Mopsters na 2020 shi ake ambata a matsayin dogon katun na farko da aka yi a Najeriya ya shiga silima. Iwájú na 2024, haɗin gwiwar Disney da kamfanin Kugali, ya hasko Legas ta nan gaba, da ratar da ke tsakanin masu kuɗi da talakawa. Daga Dubai akwai Bilal na 2015 kan rayuwar Sayyadina Bilal, mai fage-fagen azabtarwa da yaƙi da suka fi dacewa da matasa. Kirikou na 1998, wanda Bafaranshe Michel Ocelot ya gina kan tatsuniyoyin Afirka ta Yamma, labarinsa yana da daɗi, amma matan ciki ba su rufe ƙirji ba, sai a koma ga abin da na faɗa kan riga yara kallo.

Da gaske katun yana taimaka wa mai koyon Turanci ko Larabci?

Yana taimakawa. Masu sa murya suna fitar da kalma sarai, jimlolin gajeru ne, hoton kuma yana fassara abin da kunne ya rasa. Ɗaliban da suke jin tsoron buɗe baki a aji nakan ce su kunna rubutun ƙasan allo, su kalli fage ɗaya sau uku, su maimaita da ƙarfi. Ga ɗan Islamiyya, tashoshin Spacetoon da MBC3 da ake kamawa a satalayit suna fassara yawancin katun ɗinsu da daidaitaccen Larabci, irin na littafi, wanda ya fi kusa da abin da ake karantawa a aji.

Fassarar Hausa irin wadda aka saba yi wa fina-finan Indiya tana sa Inna da Kaka su shigo cikin kallon, wannan alheri ne. Sai dai wasu masu fassarar sukan cusa barkwancin da babu shi a asali, wani lokaci har da habaici na manya.

A ina ake samu a Zariya ba tare da data ta cinye aljihu ba?

Mai DStv ko GOtv ko StarTimes yana da tashoshin yara a cikin abin da ya riga ya biya. Netflix yana da fina-finan Studio Ghibli na Japan, ciki har da Spirited Away na Hayao Miyazaki da ya ci Oscar a 2003. YouTube yana da shafukan kamfanonin da kansu. Dogon fim mai tsabtar hoto yakan ci gig ɗaya ko fiye, don haka a rage ƙarfin hoton, a sauke da garaɓasar dare, a kalla da rana. Shagunan turi a Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru sun fi araha, amma yawancin abin da ke can ba da izinin masu shi aka kwafa ba, kuma ka ji abin da ya same ni a sama.

Mijina yana cewa na mayar da kaina yarinya. Yaya zan yi?

Kada ki mayar da shi gardama. Yawancin masu faɗin haka ba su taɓa zama sun kalli ɗaya daga farko har ƙarshe ba, guntayen faɗuwa da ihu kawai suke gani in sun ratsa falo. Ki zaɓi wanda labarinsa ya shafi uba, irin waɗanda na ambata a amsa ta uku, ki kunna bayan isha'i yara suna nan, ki bar shi ya shigo da kansa. In bai so ba, ba dole. Shi ma yana da ƙwallonsa, kuma ba ki ce ya koma yaro ba don ya yi tsalle an ci gola.

Ga matasa da abokai suke tsokana kuwa, na lura wanda ya amsa da "E, ina kallo, ka ga wancan?" an fi saurin ƙyale shi a kan mai musantawa.

Yaushe ne abin yake zama matsala?

Lokacin da ya fara cin abin da ba nasa ba: salla, barci, karatu, aikin gida, hira da iyali. Fim ɗaya awa ɗaya da rabi ne, ya ƙare ka tashi. Masu dogon zango su ne tarko. One Piece ya fara a 1999, ya haura kashi 1,000, kowane kashi yana ƙarewa a inda zai ja ka zuwa na gaba. Na ga ɗalibi mai ƙoƙari yana gyangyaɗi a aji ana saura wata biyu WAEC, da na bincika sai na tarar har ƙarfe uku na dare yake kaiwa. Ban ce ya daina ba. Mun yi yarjejeniya da shi da mahaifiyarsa: waya tana kwana a ɗakinta, kallo sai Asabar da Lahadi, har a gama jarrabawa.

Akwai kuma wanda kallon ya zama maɓoyarsa. In mutum ya daina fita, ya daina cin abinci da mutane, kullum yana ƙule a ɗaki da waya, to wata damuwar ce a ƙasa, katun mayafi ne kawai. A zauna da shi a ji abin da ke ransa, in ta kama a ga likita.

Ɗana ya ce shi katun yake son ya koyi yi. Sana'a ce ko shiririta?

Sana'a ce, mai wuya kuwa. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, wato na minti 90 ya ƙunshi hotuna 129,600. Snow White na Disney a 1937 da hannu aka zana shi. Toy Story na 1995 ne dogon fim na farko da aka yi gaba ɗayansa da kwamfuta. Bayan fim, masu wannan ilimi suna aiki a talla, da zanen gine-gine, da shirye-shiryen wayar da kai kan lafiya da noma.

Kuma yana garin da ya dace. Sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello ya samo asali tun kafin kafa jami'ar a 1962, daga kwalejin da ta gabace ta, inda a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta dage sai an zana Afirka da idon 'yan Afirka. Kafin ya kai can, a saya masa fensir da littafin zane, ya riƙa zana hannu da ƙafa da tafiyar akuya. Manhajar Blender kyauta ce in akwai kwamfuta, a waya kuma akwai FlipaClip. Aikin farko da nake ba masu zuwa wurina shi ne su je wurin kakarsu su ɗauko tatsuniya ɗaya da muryarta a waya, su zana minti ɗaya kacal daga ciki. A zangon da ya wuce yara uku suka karɓi aikin, biyu suka gaji a mako na biyu, ta ukun ta kawo daƙiƙa 40 na Gizo yana saɓa gatari zai tafi gona.